Kurakuran da ke ɓata tafiyar kamun kifin tirawut, da gyaran da ake yi tun daga Kaduna

Wanda ya tashi a Kabala ko Unguwar Rimi, ya yi ƙuruciya yana tonon tana yana jefa fatsa a Kogin Kaduna, yakan ɗauka ya san kamun kifi. Ya sani ɗin kuwa, amma saninsa na tarwaɗa ne da karfasa. Ranar da ya ga bidiyon wani tsaye cikin ruwa garai-garai, yana kaɗa igiya a sama, yana kamo tirawut da ƙwaron ƙarya da aka ɗaura da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya, sai sha'awa ta kama shi, ya shiga neman kamfanin da zai kai shi. Sha'awa ce mai kyau, kuma ina son ganin mutanenmu a wannan harka. Abin da ke damuna shi ne a zubar da kuɗin jirgi da na masauki a dawo hannu rabbana, alhali yawancin abin da ke jawo haka a nan gida ake gyara shi.

Farkon kuskure shi ne rashin sanin kifin kansa. Tirawut kifin ruwan sanyi ne. Ya fi walwala idan ruwa yana tsakanin digiri 10 zuwa 16, da zarar ya haura 20 kuwa sai ya fara galabaita, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar da yake shaƙa kamar yadda ruwan sanyi ke riƙewa. Shi ya sa babu shi a Kogin Kaduna, babu shi a Shiroro, kuma duk wanda ya ce zai kai ka kamunsa a wani tafki na kusa da gari, ka riƙe kuɗinka. A Afirka kudu da Sahara galibi kan duwatsu masu tsayi ake samunsa, kuma can ɗin ma kawo shi aka yi. A Kenya an zuba shi a Kogin Gura da ke tsaunukan Abadeya a 1905, daga nan ya bazu zuwa rafukan Dutsen Kenya. A Afirka ta Kudu tun shekarun 1890 aka shigo da shi, yau kuma garin Dullstroom na lardin Mpumalanga, wanda ke sama da mita 2,000 daga bakin teku, kusan da wannan sana'a yake rayuwa. Akwai shi a tsaunukan Drakensberg da kuma Lesoto.

Na lissafo waɗannan ne saboda kuskure na biyu, wato fara tafiya da wuri mafi nisa da suna. Mutum zai ji labarin Kogin Madison a jihar Montana ta Amurka, ko Tafkin Taupo da rafukan Niyu Zilan, ko Kogin Test a kudancin Ingila, ya ce can zai fara. Waɗannan wurare sun cancanci sunansu, sai dai ba su da sauƙi ga sabon hannu. A rafukan Niyu Zilan kifin manya ne amma 'yan kaɗan, ruwan kuma kamar gilashi, sai ka yi tafiyar kilomitoci a ƙafa kafin ka ga guda, kuma jifa ɗaya marar kyau ya isa ya kore shi. A Test, gaɓar kogin ta masu ita ce, ana biyan kuɗi mai tsoka a ba ka yanki na yini ɗaya, wurare da yawa kuma sharaɗinsu sai ka ga kifin da idonka sannan ka jefa masa, kana fuskantar inda ruwa ke fitowa. A ganina, Bakadune ya fara da Kenya ko Dullstroom. Tafiyar ta fi kusa, kuɗin ya fi dama, kuma a Dullstroom akwai ƙananan madatsun ruwa da ake zuba kifi a ciki, inda mai koyo zai ji yadda tirawut ke fizgar igiya tun ranar farko.

Sai batun lokaci. Mu nan mun saba lissafi da damina da rani da hunturu, sai mutum ya ɗauki hutun aiki a watan da ya dace da shi, bai tambayi watan da ya dace da kogin ba. A Afirka ta Kudu yawancin koguna ana rufe su daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta saboda kifi na haihuwa, amma madatsun ruwa a buɗe suke, lokacin sanyin ma ya fi musu kyau. A Kenya ka kauce wa manyan ruwan sama na Maris zuwa Mayu, domin rafukan sukan cika su yi jawur. Yawancin kogunan Niyu Zilan daga 1 ga Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu ne. A Montana kuwa, idan zafi ya tsananta a Yuli da Agusta, hukuma takan hana kamun kifi a wasu koguna daga ƙarfe 2 na rana. Kafin ka sayi tikiti, ka tambayi mai masauki kai tsaye: a wannan makon, kogi za mu shiga ko madatsa?

Amma kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi shi ne zuwa ba ka iya jifa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fatsarmu ta gida, nauyin darma da koto ne ke jan zare ya kai shi tsakiyar ruwa. A wannan kamun kuwa ƙwaron ba shi da nauyin komai, igiyar ce mai kauri da nauyi, ita ce ake jefawa, ƙwaron yana biye da ita a ƙarshen wani siririn zare mai tsawon kamar ƙafa 9. Hannun da ya saba da wurga fatsa da ƙarfin kafaɗa zai yi ta wurgi, igiya tana zubewa a gabansa a dunƙule. Ɗan jagora kuma, wato wanda zai raka ka bakin ruwa, kuɗin yini ake biyansa. Idan ya kwashe kwana biyu cikin huɗu yana koya maka abin da za ka iya koya a filin ƙwallon unguwarku, ka yi asarar rabin tafiyar.

Gyaran ba shi da wuya, naci yake so. Ka samu sanda mai tsawon ƙafa 9, lamba 5 (lambar tana nuna nauyin igiyar da sandar ke jefawa), da igiyar da ta dace da lambar. Ka ɗaura ɗan guntun zaren ulu a maimakon ƙugiya, don kada ka kama kunnen kowa. Ka tafi Dandalin Murtala ko wani fili mai ciyawa da sassafe, kafin iska ta tashi, ka ajiye faranti a nisan mita 10. Ka ɗaga sandar a hankali, ka ƙara sauri, ka tsaya cak idan ta ɗan wuce saitin kunnenka. Wannan tsayawar ita ce komai. Ka waiga ka kalli igiyar tana miƙewa a bayanka, ka jira ta kusa miƙewa sarai, sannan ka turo gaba ka sake tsayawa cak a saitin goshinka, kamar mai yarfe ruwa daga tsintsiya ba tare da ya sake ta ba. Idan ka ji ƙara kamar ta bulala a bayanka, ka yi gaggawa, ba ka jira igiya ba. Idan ƙarshen zaren yana dukan ƙasa a baya, wuyan hannunka ne ya karye, sandar ta wuce inda ya kamata. Idan ka riƙa ganin ƙananan ƙulli a siririn zaren, ka cika ƙarfi ne a farkon turowa. Kada ka damu da nisa. Yawancin tirawut a rafi ana kama su ne a ƙasa da mita 12, kuma wanda ke sauke ulu a kan faranti a hankali ya fi wanda ke kai mita 25 da fantsama.

Idan hannu ya fara faɗawa, ka kai shi ruwa a nan gida. Da rani, bayan kogi ya ja baya ya washe, kawara da karfasa suna cin ƙwari a saman ruwa da yamma, kuma suna karɓar ƙaramin ƙwaron ƙarya. Ka je wajen masunta ka gaishe su, ka ce, "Baba, ina ne ruwa ya fi kwanciya, ina ne kuma ba a shiga?" Sun fi ka sanin kogin. Ka tsaya a gaɓa, kada ka shiga ruwan da ke kwance saboda tsargiya, kuma ka manta da kogin baki ɗaya a Agusta da Satumba lokacin da yake cika.

A bakin ruwa ne sauran halayen fatsa ke fitowa. Mun saba zama wuri ɗaya, a kafa sanda, ana hira ana jira. Tirawut kuwa bin sa ake yi. Kullum kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana jiran abin da ruwa zai kawo masa, don haka ta bayansa ake zuwa, kana hawa kogin sannu a hankali. Farar riga mai walƙiya, inuwarka a kan ruwa, takun da ke gurza duwatsu, kowanne ya isa ya sa ya shige ƙarƙashin dutse. Bayan ƙwaron ya sauka, dole ya tafi daidai da gudun ruwa, kamar ba a ɗaure yake da komai ba. Idan igiyar ta faɗa kan ruwa mai sauri, ƙwaron kuma yana kan mai sanyin gudu, igiyar za ta ja shi ya riƙa tsaga ruwa, kifi kuma ya san ƙwaron gaske ba ya haka. Maganinsa, da zarar igiya ta sauka ka ɗaga tsakiyarta da kan sanda ka mayar da ita wajen inda ruwa ke fitowa. Ka kalli kumfa ko ganyen da ke kusa da ƙwaronka: in tare suke tafiya, ka yi daidai.

Sai fizga. Mai tarwaɗa idan ya ji an taɓa, da dukkan ƙarfinsa yake ja. Ƙarshen zaren tirawut siriri ne ƙwarai, irin wannan ja tsinke shi yake yi nan take. Ɗaga sanda kawai ake yi har igiya ta miƙe, kuma idan kifin ya ruga, a sakar masa ya tafi. Wani abin kuma, sabon shiga yakan nace sai ƙwaro mai yawo a saman ruwa saboda shi ya gani a bidiyo, alhali yawancin abincin tirawut a ƙarƙashin ruwa yake, tsutsotsin ƙwarin da ke manne a duwatsu. Idan ɗan jagora ya ce a sauya zuwa mai nutsewa, ka sauya.

Da yake an ambaci ɗan jagora, akwai masu jin kunyar cewa ba su iya ba. Mutum ya rubuta wa kamfani cewa ya daɗe yana kamun kifi, sai a haɗa shi da kogi mai wuya. Ka faɗi gaskiyar matsayinka, da ko za ka iya hawan dutse na awanni, domin wasu tafkunan Dutsen Kenya sun haura mita 3,000, numfashi ma yakan yi wuya. Ka tambaya a rubuce abin da kuɗin ya ƙunsa: lasisin kamun kifi, kuɗin shiga gandun daji, abinci, ƙwari, hayar sanda, da adadin mutanen da jagora ɗaya zai riƙe. Fiye da biyu ya yi yawa. Ka sanar da su tun da wuri batun abincin halal da lokutan salla, za su tsara yinin da haka. Ihsanin da ake ba jagora a ƙarshe al'ada ce a yawancin wuraren nan, ka ware shi cikin lissafi.

Kaya kuwa, kada ka tara. Sanda ɗaya, tabarau mai kashe ƙyallin ruwa wanda ke kare ido daga ƙugiya kuma ya nuna maka kifi, hula, rigar ruwa, da rigunan sanyi na gaske. Sanyin Dullstroom a Yuli ya wuce hunturun Kaduna nesa ba kusa ba, har raɓa takan daskare. Ƙwari ka saya a can, tunda su suka san abin da kifinsu ke ci, Kenya ma tana cikin ƙasashen da suka yi fice wajen ɗaura su da hannu ana fitarwa duniya. Kada ka manta katin rigakafin shawara. In kuma wata rana ka nufi Niyu Zilan, tun 2008 an hana takalmin shiga ruwa mai tafin dannannen ulu (felt) saboda wata gansakuka da ke bin kaya tana lalata koguna, kuma dole ka bayyana kayan kamun kifinka a filin jirgi, a wanke, a bushe.

Akwai kuma wanda, in ka zauna da shi, za ka gane ba tirawut yake so ba, babban kifi yake so. Irin wannan ba sai ya je nesa ba. A Kogin Faro na arewacin Kamaru, kusa da iyakar jihar Adamawa, ana kamun tsage da giwan ruwa da irin wannan ƙwaro a lokacin rani. Sai dai sandar lamba 5 ba ta aikin nan: tsage na son lamba 8 ko 9 da guntun waya saboda haƙoransa, giwan ruwa kuma lamba 12.

Abin da ya fi ba mutanenmu mamaki shi ne a kama kifi a mayar da shi. A koguna da yawa doka ce, domin kifin ba su da yawa, in kowa ya tafi da nasa, cikin shekara kaɗan babu saura. In kana son ɗanɗanawa, ka tambaya tun farko, wasu madatsun suna bari ka ɗauki ɗaya ko biyu ka biya. Wanda za a saki kuwa, ka danne ƙayar ƙugiya da filaya tun kafin ka fara jifa, ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi don kada ka goge yauƙin da ke kare fatarsa, kada ka sa yatsa a ƙarƙashin kuncinsa yadda muke ɗaukar tarwaɗa, kada kuma ka kwantar da shi a kan yashi don hoto. Ka riƙe shi cikin ruwa, kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, tafin hannunka a ƙarƙashin cikinsa, har sai ya buga wutsiya ya ƙwace da kansa.