Idan Inji Ya Cije, Kafin Ka Sa Hannu

Fara sanar da abokan aikinka. Danna maɓallin tsayarwa, sannan ka je ka sauke babban makunnin wuta, don maɓalli kaɗai bai isa ba.

Ɗaure makunnin da kwaɗonka, makulli a aljihunka, ka rataya takarda mai sunanka. Don Allah kar ka tsallake wannan. Nan ake asarar yatsu: wani ya zo bai sani ba, ya tayar da inji.

Jira bel da wuƙaƙe su tsaya cik. Idan injin mai iska ne, saki iskar. Gwada kunnawa, ka ga bai tashi ba, ka kashe, sannan ka sa ƙugiya ka zaro abin da ya maƙale.

Mayar da murfin kariya, kowa ya ja baya, sannan ka cire kwaɗon.