Babi na 7: Haɗa kayan ɗaki na cikin kwali

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu koyi haɗa kabad ko wadirob ko durowa irin masu araha ɗin nan da ake sayarwa a kwance cikin kwali, allo-allo, mutum ya kai gida ya haɗa da hannunsa. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a 1943, shi ya yayata wannan dabara a duniya, yanzu kuma masu kwaikwayo sun yi yawa, shi ya sa kuke ganin irinsu a kasuwa har cikin kayan ɗakin amare.

Darasi na ɗaya: ku san abin da kuka saya

Wannan allo ba katakon madaci ba ne irin na kafintan unguwa. Ɓarɓashin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse da inji, sannan aka lulluɓe shi da wata 'yar fata mai sheƙi. Ku ɗauki allo ɗaya ku duba gefensa, za ku ga wani gefen a rufe sumul, wani kuma a buɗe ana ganin ɓarɓashin kamar dusa. Ku taɓa da yatsa. Wannan buɗaɗɗen gefe ta nan ruwa ke shiga, in ya shiga allon ya kumbura, kuma in ya kumbura ba ya komawa ko da kun shanya shi a rana. Abu na biyu, ramin sukuru a jikinsa sau ɗaya yake riƙewa da kyau, in kun ɗaure kun kwance kun sake ɗaurewa to ramin ya rarake kenan, sukuru ya riƙa juyawa a banza. Ku riƙe wannan, saboda shi za mu daɗe a darasi na gaba.

Darasi na biyu: a juya allo kafin a ɗaure

Ku shimfiɗa kwalin a ƙasa ku jera alluna a kai, kada su goge da siminti. Ƙananan ƙarafa da guntayen itace ku zuba su a faranti, yara su koma gefe. Sai takardar haɗi, wato takardar hotuna da ke nuna yadda ake haɗa kayan. Ana bin ta daga hagu zuwa dama, masu karatun ajami ku lura, nan ba daga dama ake farawa ba. Hoto mai lamba 1 shi ne farko, sai 2, sai 3. In kun ga x4 kusa da sukuru, guda huɗu ake nufi. Kibiya tana nuna inda abu zai shiga. Hoton da aka ja wa layi biyu a gicciye yana cewa kada a yi haka. Harafin L a jikin allo hagu ne, R dama.

To yanzu ga wurin da kusan kowa ke faɗuwa. Kafin ku sa sukuru ko ɗaya, ku ɗaga allon ku yi masa tambaya biyu: ramuka ina suka kalla, buɗaɗɗen gefe ina ya kalla? Ramuka ciki suke kallo. Buɗaɗɗen gefe baya yake kallo, wajen bango. Ku faɗa da baki: ramuka ciki, buɗaɗɗen gefe baya. Kun sa allo na farko? Madalla, kun yi ƙoƙari. Ku ɗauki na biyu, kada ku ce ai irin na farko ne, a'a, ku sake dubawa, ramuka ciki, buɗaɗɗen gefe baya, sannan ku ƙirga ramukan allon ku ƙirga na hoton, in hoto ya nuna uku a sama biyu a ƙasa naku kuma biyu ne a sama, to kun kifa shi, ku juya. Ba abin kunya ba ne, Baba, ba abin kunya ba ne, Hajiya, yanzu juyawar kyauta ce tunda ba a ɗaure ba. Na uku ma haka. Ramuka ciki, buɗaɗɗen gefe baya.

Amma fa zan faɗa muku gaskiya, raina yana ɓaci da wannan. A aji mun faɗa tare har sau biyar, ina juya baya sai na ga mutum ya kama sukurdireba yana murɗawa da ƙarfinsa, sai da aka zo sa ƙofa aka ga gefen dusa yana kallon falo. Dole aka kwance, ramuka huɗu suka lalace, kabad sabo fil ya fara rawa tun ranar farko, gobe kuma a ce kayan ne ba su da aminci. Haba jama'a! Gaggawar me ake yi? Kuɗin nan da guminku kuka same su. Ku duba kafin ku ɗaure, don Allah.

Darasi na uku: ɗauri

Ku ɗaure sama-sama tukuna har komai ya hau, sannan ku bi ku ƙarasa. Wannan zagayayyen ƙarfe mai kama da kwabo da ake sawa a babban rami, kibiyar jikinsa ta kalli inda kan sukuru zai shigo, a murɗa kamar rabin zagaye, da ya tsaya ku tsaya. Siririn allon baya kada ku raina shi, shi ke hana kabad karkacewa. Ku auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye da igiya, in tsawon biyun ya zo ɗaya sai ku buga ƙusoshin duka, kada a rage. Kafin nan ku leƙa sau ɗaya, ramuka ciki, buɗaɗɗen gefe baya.

Darasi na huɗu: bango

Dogon kabad da durowa a kafe su da bango da ɗan ƙarfen da ke cikin leda. A 2016 IKEA ya janye durowa kusan miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun faɗo kan yara sun mutu. Yaro yana jawo durowa ya taka ne kamar tsani. Kaya masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama.

Darasi na biyar: kula

Kada ruwan mopin ya kwanta a ƙarƙashin kabad, ku ɗora shi kan guntun tayil, da damina a ɗan nisanta abin da ba a kafe ba daga bango mai laima. In za a gusar da shi a kwashe kaya, mutum biyu su ɗaga, ban da ja.

Aikin gida: kowa ya zo da takardar haɗin kayansa mako mai zuwa, ya nuna mini lamba 1 da harafin L.