Yadda na ceto nod ɗina na Bitcoin bayan an ɗauke wuta

A shagona na Mabera nake tafiyar da nod, wato kwamfutar da ke ajiye cikakken kundin Bitcoin tana tantance kowace ma'amala da kanta. Watan Afrilu, zafin Sakkwato ya haura 40, aka ɗauke wuta tsakar rana, batirin inbata kuma dama ya gaji. Da wuta ta dawo, Bitcoin Core, manhajar da ke tafiyar da nod ɗin, ya ƙi tashi, wai ma'ajiyar bayanansa ta lalace.

Gabana ya faɗi, don kundin ya wuce gigabait 600, kuma na san kuɗin data da na kashe kafin in sauke shi. Har na kai hannu zan goge komai, Allah Ya sa na fara buɗe debug.log, fayil ɗin da manhajar ke rubuta duk abin da ya faru a cikinsa. Ashe tubalan, wato sassan da suka haɗu suka yi kundin, suna nan lafiya, chainstate ne kawai ya taɓu, wurin da ake ajiye lissafin kuɗin da ba a kashe ba tukuna.

Sai na tayar da shi da -reindex-chainstate. Wannan yana sake gina lissafin daga tubalan da ke kan faifai, babu sabon saukewa. Da a ce na kunna prune, tsarin da ke goge tsoffin tubalan don rage cin wuri, da wannan hanyar ba ta yiwu ba, don tsoffin tubalan sun tafi. Na ƙara dbcache, wato yawan RAM da manhajar ke ware wa wannan lissafi, zuwa megabait 4000, kwana biyu ya gama.

Na buɗe akwatin kwamfutar, ƙurar hunturu ta toshe fanka, na share ta da burushi. Yanzu batiri na fara kuka nake buga bitcoin-cli stop, umarnin tsayar da nod ɗin, in jira ya rufe kafin in kashe.