Yadda za ka koya wa 'yan firamare natsuwa da ƙirƙira da bishiya ɗaya tak

Malamai 'yan uwa, abin da za a nema bai wuce bishiya ɗaya a harabar makaranta ko bayan katanga ba, da littafin rubutu guda ga kowane yaro, sai minti 15 a sati. In an samu gawo to an dace, don shi ne bishiyar da ke yin akasin sauran: da damina ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai rani ya shigo kowa ya bushe shi kuma ya yi kore shar. Kuka ita ma ta yi, ganyenta na zuba da rani ya dawo gab da damina. Darbejiya ce dai zaɓin ƙarshe a wurina, kusan kullum kamarta ɗaya, yara za su gaji da ita.

Ka tsayar da rana guda, kuma da safe kafin a tashi tara. In kun je kar ka fara da bayani, mu malamai matsalarmu kenan, baki ba ya hutawa. Ka ce su zauna su rufe ido, su ja numfashi a hankali su sake kamar sau biyar, sannan kowa ya ƙirga da yatsu sauti nawa ya ji. Minti biyu ya isa a farko. Za su yi dariya, wani zai tsokani wani, kar ka ɗau bulala don Allah, yaron da ya yi shiru don tsoro kunnensa na kan bulalar ne ba kan kukan kurciya ba. Idan ajin ya cika maƙil kamar yadda aka saba, raba su rukuni-rukuni kowanne da monita.

Bayan sun buɗe ido sai tambaya ɗaya: me ya canza daga wancan satin? Kar ka karɓi "ba komai". A duba ganye, a duba ƙasa, a taɓa ɓawo, inuwar tana ina yau.

Zangon karatunmu ma ya taimaka. Na farko daga Satumba zuwa Disamba yana kama ƙarshen damina da kaka da shigowar hunturu, nan ne kayan aiki suka fi yawa, ga kara an yanke gero da dawa, su yi motar kara ko gida ko rumbu, ga fara ko'ina su zana ta, ga zoɓo a jiƙa shi ya ba da jan launi. Tawada kuwa ba sai an saya ba, almajirai sun daɗe suna haɗa ta da gawayi da ƙaro, ka sa wani yaro da ya iya ya koya wa sauran, har alƙalamin ma ya fiƙe musu. Sau da yawa wanda ba ya magana a aji shi ne gwani a nan.

Da hunturu ka sa su lura da buɗa, yau ana hango bishiyar daga ƙofar aji ko hazo ya rufe ta, sannan ka gaya musu ƙurar nan daga Sahara iska ke kwaso ta, mai yawa daga yankin Bodele a ƙasar Chadi. Masu asma su tsaya ta taga. Bazara kuwa a gajarta, zafin Afrilu ba wasa ba, amma a sa ido a sama don lokacin ne shamuwa ke isowa, a rubuta ranar da aka fara ganinta da ranar ruwan farko a manna a bango, baɗi a kwatanta.

Ruwan farkon nan kar ka bari ya wuce. Ko lissafi kuke yi ka ajiye alli, a tsaya a baranda a shaƙi ƙamshin ƙasa, a koma kowa ya rubuta layi uku kan abin da ya ji, da Hausa, kuma kar ka bi shi da jan biro kana gyaran rubutu. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa da baki ko ya rera kamar waƙar gaɗa. Kacici-kacici ma na aiki sosai, ka ba su irin "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", wato tsintsiya, ka ce su ƙirƙiro nasu kan kwaɗo ko shinge ko gajimare. Yumɓu ya samu, a gina shanu da tukwane. Sai dai fa in hadari ya haɗo ba mai zama ƙarƙashin bishiya saboda tsawa, kuma a duba ciyawa don maciji da kunama kafin a zauna.

Malka a Agusta take, lokacin ana hutu, don haka ka ba su littattafan su tafi da su gida, kowa ya zaɓi tsiro ɗaya a gona ko tsakar gida, gero ko kuɓewa ko gyaɗa, ya riƙa auna tsawonsa da taƙi duk Juma'a yana zanawa, a kawo maka in an dawo.