Yadda Ake Haɗa Zumuntar Tsofaffin Mata A Unguwa Lokacin Annoba

Ranar 16 ga Afrilun 2020 aka sa Kano a kulle saboda korona, azumi saura 'yan kwanaki. An rufe masallatai da kasuwanni, an sallami makarantun Islamiyya, aka kuma shiga kwashe almajirai ana mayar da su jihohinsu. Ki auna abin da wannan ya cire daga rayuwar tsohuwa mai shekara 70 da ke zaune ita kaɗai. Almajirin da ke ɗebo mata ruwa yana sayo mata cefane ya tafi. Ajin hadda inda take haɗuwa da tsararrakinta ya tsaya. Babu suna, babu biki, babu zuwa dubiya. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya gano mutum 979 sun rasu a ƙananan hukumomi 8 na birnin a 'yan makonnin wancan lokacin. Akasarinsu sun haura shekara 65, kuma fiye da rabi a gida suka cika.

Korona ta lafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta janye matakin gaggawa a kanta a Mayun 2023. Amma tun bayan kullen mun ga amai da gudawa a 2021, mun ga mashaƙo a Kano a 2023, kuma wata annobar za ta zo. Na ga 'yan mata da matasa masu kyakkyawar niyya sun tashi taimaka wa tsofaffi, abin ya watse kafin wata ya zagayo. Ga yadda ake yin sa ya ɗore.

Mataki na farko: ki san su waye, da ƙafa

Kada ki fara da buɗe zaure a WhatsApp. Nan kusan kowa ke faɗuwa. Waɗanda suka fi buƙatar a duba su ƙaramar waya mai madannai gare su, wasu ma wayar jika suke ara. Ki je wurin mutum uku da suka san cikin gidaje: unguwarzoma, malamar Islamiyya, da uwar adashi. Su ne za su faɗa miki wadda ke takaba, da wadda 'ya'yanta ke Legas ko Saudiyya, da wadda ke gidan yawa amma ɗakinta na can ƙurya, sai a wuni ba a leƙa ta ba. Wannan ta ƙarshen ita aka fi mantawa, don kowa na cewa ai tana cikin mutane.

Kada su wuce 10 zuwa 12. Idan sun fi haka, a raba biyu. Ki sami littafi ɗaya ki rubuta sunan kowace, da lambarta, da ciwon da take fama da shi, da maganin da take sha, da ɗa ko 'yar da za a kira idan ta ɓaci. Littafin nan sirri ne, mutum biyu kawai ke buɗe shi. Sannan a sanar da mai unguwa da liman tun kafin a fara, domin ranar da za a buƙaci mota cikin dokar kulle, bakinsu ne zai yi aiki.

Mataki na biyu: ki roƙe su aiki

Idan kika shiga ɗakin dattijuwa kika ce kin zo sa sunanta cikin waɗanda za a tallafa wa, za ta yi miki godiya ta sa miki albarka, ta ce ita alhamdulillahi, a kai wa mabuƙata. Kin rasa ta ke nan. Matar da ta aurar da 'ya'ya ta yi renon jikoki ba za ta yarda a jera ta a layin sadaka ba. Ki durƙusa ki ce, "Gwaggo, alfarma muka zo nema. Inna ta bayan masallaci ita kaɗai ce, so muke ki riƙa jin lafiyarta kullum." Ita ma Innar haka za a je a roƙe ta ta riƙa duba Gwaggo. Kowace ta ɗauki amanar wata, babu wadda aka mayar abar tausayi.

Shugabancin ma nasu ne. A zaɓi dattijuwar da ake jin maganarta ta zama uwa. Ku matasa ƙafafu ne kawai: aike, cajin waya, rubutu.

Mataki na uku: haɗa su bibbiyu

A nan sai kin bi a hankali. Kada a haɗa kishiyoyi, ko da mijin ya daɗe da rasuwa. Kada a haɗa surukai. Kada a haɗa waɗanda rikicin adashi ko na auren 'ya'ya ya taɓa shiga tsakaninsu, kuma uwar zumunta ce ta san wannan tarihin, ba ke ba. Mafi kyau maƙwabtan da katanga ɗaya ta raba, don ko waya ta mutu ana iya ɗaga murya.

A tsayar da lokaci guda biyu: da hantsi, da bayan La'asar. Ni ban yarda da "duk lokacin da aka samu sarari" ba, don ba a samu. Ki ajiye wa kowace lambar abokiyarta a madanni ɗaya, ta yadda dannawa kawai za ta yi ta riƙe. Wadda ido ya yi rauni a ɗiga mata jan farce a kan madannin. Maganar kati kuma, kada a tura kuɗi wayar jika da sunan na kiran kaka, data za a saya da shi. A loda kai tsaye a layin tsohuwar, kaɗan-kaɗan duk mako. Wadda ba ta da ko sisi ta yi filashin, a kira ta. Caji kuwa a ɗora wa yaro ɗaya alhakinsa, ya san wayar wa ke mutuwa da wuri.

Mataki na huɗu: kiran kansa

Duk abin da aka yi a baya saboda wannan matakin ne, kuma nan ne na ga zumunta da yawa sun zama hoto. Ana kira kullum, ana gaisawa, sai a wayi gari a ji an kai baiwar Allah asibiti a galabaice, alhali jiya ta ce lafiya lau. Ba ƙarya ta yi ba. Tarbiyyar da aka yi mata ke nan: ba a kai kuka, ba a ɗora wa mutane nauyi, ciwo kuma a yi haƙuri da shi. Idan aka tsaya a "Ina kwana, ya jiki?" amsar da za a samu ɗaya ce ko tana kwance ba ta iya tashi.

Saboda haka bayan gaisuwa, a yi tambayar da ba a amsa ta da alhamdulillahi kaɗai. Ga irin yadda dattijuwa ke yi wa 'yar'uwarta:

"Hajiya, me kika karya da shi yau?"

"Ɗan koko na sha."

"Wa ya dama miki?"

"Na jiya ne na ɗumama."

"To tuwon dare fa, kin tuƙa?"

"Ban ji yunwa ba."

Kin ji inda zancen ya fito. Ba ta ce ba ta da lafiya ba, amma ta kwana biyu ba ta yi girki ba. Ko dai itace ya ƙare, ko jiki ya ƙi. Sauran tambayoyin su ne: a tsaye kika yi Asuba ko a zaune? Randa da ruwa? Maganin hawan jini saura ƙwaya nawa, ɗauko ki ƙirga ina ji. Wa ya shigo miki jiya? Kuma a saurari muryar kanta. Idan tana yanke magana tana jan numfashi, ko tana maimaita abu ɗaya, ko ta rikita ranar da ake ciki, wannan ba tsufa ba ne kawai. Tsoho kan kamu da cuta mai tsanani ba tare da jiki ya yi zafi sosai ba, alamar farko sai ta zama ruɗewa ko kasala ko ƙin abinci.

Abin da ya sa na nace tsohuwa ta kira tsohuwa shi ne, ke yarinya ba za ki iya yi mata wannan titsiyen ba, kunya za ta hana ki, ita ma ba za ta buɗe miki ciki ba. Tsararta kuwa za ta ce mata, "Ke dai faɗa mini gaskiya, ni za ki ɓoye wa?" kuma ta faɗa.

Kada kuma kiran ya zama na ciwo zalla, za su gaji da shi. A bar su su yi hirarsu: tsadar gero, jikar da aka sa wa rana, abin da aka ji a rediyo. Waɗanda ke hadda su riƙa karɓar wa juna karatu, ko aya biyar ce a rana. A kullen 2020, da aka hana Tarawihi da tafsiri a masallatai, irin wannan karatun ta waya ya riƙe zukatan mata da yawa. Kaɗaici ma ciwo ne, yana hana barci yana hana cin abinci.

Doka ɗaya ce ba a sassauta ta: idan aka kira da hantsi ba a ɗaga ba, aka sake bayan La'asar shiru, to kafin Magariba wani ya je ƙofar. Kada a ce wataƙila caji ne. Sau da yawa cajin ne, amma a je.

Mataki na biyar: zuwa ƙofa, da abinci, da magani

Mai zuwa mutum ɗaya ne tsayayye ga kowane gida, ba yau wannan gobe wancan ba. Ya sa takunkumi, ya wanke hannu da sabulu, ya tsaya daga bakin ƙofa ko taga da tazara. Babu musabaha, babu zama a gefen gado. Yara ƙanana a hana su kai-kawo tsakanin gidaje, duk da na san raba kaka da jika ba ƙaramin abu ba ne.

Game da abinci, dafaffe ya fi ɗanye. Na sha ganin an kai wa tsohuwa kwanon shinkafa da taliya an ɗauki hoto, ita kuwa ba itace, ba gawayi, ba ƙarfin tsayuwa a murhu. A raba kwanaki tsakanin gidajen da ke da hali, kowane gida ya ƙara hannu a tukunyarsa ya zuba kwano ɗaya. Wannan bai kai tsadar sayen buhu ba. A tuna mai hawan jini a rage mata gishiri da dunƙule, mai ciwon suga kada a cika ta da kunu mai zaƙi. Kuma idan ta mayar da kwano da 'yar daddawa ko kuka a ciki, a karɓa da hannu biyu. Kada a ce ta bar shi.

Ruwa ya fi abinci saurin yankewa. A yi magana da mai ruwa ɗaya, a riƙa biyansa duk mako daga asusun zumunta.

Magani shi ne abin da kulle ya fi yi wa illa. A Kano an riƙa sassauta dokar ne ranakun Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i, kasuwa ta cika maƙil, wanda bai shirya ba sai ya dawo hannu rabbana. Tun annoba na nesa a tanadar wa kowace maganin wata guda. A ɗauki hoton kwalin ko a tafi da tsohon, kada a je kemis a ce "na hawan jini", don iri-iri ne. Idan da hali, zumunta ta sayi na'urar awon jini guda ɗaya mai batir, ta isa kowa. Mai ciwon suga da ke son yin azumi a haɗa ta da ma'aikaciyar lafiya ta waya, kada a bar ta da shawarar maƙwabta.

Kuɗin duk wannan daga adashi zai fito. A ware wani ɗan kaso na kowane zubi a asusu, 'ya'yan da ke nesa su ma a faɗa musu su riƙa turowa. Kuɗi a hannun mutum biyu, a karanta lissafi duk wata.

Mataki na shida: rasuwa, jita-jita, da rashin lafiya

Za a yi rasuwa, kuma tsohuwa za ta ɗauki mayafi ta ce sai ta je gaisuwa. Hana ta da faɗa ba ya aiki. A sa uwar zumunta da malama su yi magana tun da wuri cewa an yafe wa juna zaman makoki har annoba ta wuce, kuma kowa ta faɗa da bakinta cewa ko ita ce ta rasu ba ta riƙe kowa ba. Sai a kira gidan mamacin a jere, a aika da abin sadaka, kowace ta yi addu'a a ɗakinta.

Saƙon murya na magungunan gargajiya da tsoratarwa kan rigakafi zai yi ta yawo. A sami ma'aikaciyar lafiya ɗaya 'yar unguwa da suka yarda da ita, duk abin da aka ji a tambaye ta. Lokacin da allurar korona ta iso Najeriya a Maris ɗin 2021, cikin abin da ya sa tsofaffi yarda akwai ganin tsararsu ta yi ta dawo lafiya, don haka a sa uwar zumunta ta fara yi.

Idan aka ga zazzaɓi da tari, ko sarƙewar numfashi, ko gudawa mai yawa, a kira ɗanta da ke cikin littafi, a kira ma'aikaciyar lafiya, a kai ta asibiti a ranar. Lambar kiran kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, ita ce 6232, a rubuta ta a bangon littafin tare da lambar mai Adaidaita Sahu ɗaya da ya yarda a tashe shi ko da tsakar dare.