Yadda Ake Haɗa Katun Mai Kama da Zanen Hannu, da Hanyar Fitar da Shi

Daga 1995, shekarar da Pixar ya fitar da Toy Story, masu katun sun daɗe suna gasar sa gashi da fata da ruwa su yi kama da na gaske. A 2018 Spider-Man: Into the Spider-Verse na Sony ya sauya akala, ya zo da layukan tawada da ɗige-ɗigen buga littafi da motsi mai ɗan tsalle. Sai ga Flow na ƙasar Latbiya, wanda aka haɗa da Blender, manhajar kyauta, ya ci Oscar a 2025 ba tare da magana ko ɗaya a cikinsa ba. Ga mai ƙaramar kwamfuta a Damagaram wannan sauyi alheri ne, domin salon zane bai cin ƙarfin na'ura kamar salon kwaikwayon gaskiya. Hanyar ma ba baƙuwa ba ce a Nijar, Moustapha Alassane ya zana Bon Voyage Sim da hannu tun 1966.

A fara da murya. Ɗauki maganar ƴan wasa a ɗaki mai labule da katifa, a kashe fanka, a ajiye sautin a 48 kHz. Baki ake ɗorawa a kan murya. Wanda ya fara da zane sai ya sake aikin.

Sai lissafin hotuna. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, wato 1,440 a minti. In ka bar kowane zane ya tsaya hoto biyu, 12 ke nan a daƙiƙa, 720 a minti. A Blender, shiga Graph Editor, zaɓi motsin jarumin, ɗora masa Stepped Interpolation, ka sa matakin a 2. Nan ne aka fi yin tuntuɓe. In kyamara tana tafiya a 24 alhali jarumin yana kan 12, ƙafarsa za ta riƙa zamewa a ƙasa, hoton ya yi ta karkarwa. Ko dai ka tsayar da kyamarar, ko ka mayar da jarumin 24 a wannan fitowa kawai. Gudu da dambe ma sun fi kyau a 24. Kashe Motion Blur, wato dishi-dishin da ake sa wa abu mai motsi, gaba ɗaya, shi ke wanke kaifin layi.

Launi kuma, a Shader Editor na Blender a haɗa Diffuse da Shader to RGB, daga nan zuwa Color Ramp, a sa shi a Constant da launi biyu ko uku: haske, inuwa, wani lokaci da ɗan ƙyalli. A injinan fitar da hoto na Blender, wannan a EEVEE kaɗai yake aiki, Cycles bai san shi ba. In jan bangon Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya fito fari-fari kamar an yi masa hazo, duba View Transform, ka mayar da shi Standard. Layin gefe Line Art na Grease Pencil, alƙalamin zane na Blender, ke ba da shi. Kada layin ya yi siriri, a allon salula ɓacewa yake yi. Zayyanar ƙofar gidajen Birni da Zango ta dace da wannan salo ƙwarai, don dama manyan siffofi ne masu launi a fili.

Kada ka fitar da aikin kai tsaye a matsayin bidiyo. Fitar da shi hoto-hoto a PNG. In wuta ta ɗauke a hoto na 900, daga 901 za ka ci gaba, amma bidiyon da ya katse a tsakiya yawanci ya lalace ke nan. A zafin Afrilu da Mayu a bar wannan aiki sai dare, a ɗaga kwamfutar iska ta shiga ƙarƙashinta.

Fitar da fim ma ya canza. A 2020, da annobar korona ta rufe gidajen sinima, manyan kamfanoni sun riƙa kai katun gida kai tsaye ta intanet. Naka masu kallon a salula suke, don haka yi kwafi uku daga hotunan nan: mai girman 1920 da 1080 don YouTube, 1280 da 720 a tsarin bidiyo na H.264 don turawa, da gajeren yanki na tsaye, 1080 da 1920, don TikTok da Facebook. Na turawa in yana kan megabit 2 a daƙiƙa, minti guda zai kai kusan megabait 15. Ka tura ta WhatsApp a matsayin takarda (Document), in ba haka ba zai matse shi, ƙananan ɗige-ɗige su dagule su zama laka. Gwada a salula mafi arha da ke gidan kafin kowa ya gani.

YouTube zai tambaye ka ko fim ɗin na yara ne. In ka amsa e, za a rufe wurin sharhi. Mai niyyar kai fim gasa irin FESPACO ta Wagadugu kuwa ya karanta sharuɗɗanta kafin ya saki komai, domin wasu bukukuwan fim ba sa karɓar abin da ya riga ya bazu a intanet. Ya tanadi rubutacciyar fassarar Faransanci ta ƙasan allo a fayil na SRT daban, kada ya manna ta a jikin hoton.