Yadda ake haɗa jeri biyu da ƙara abu a ciki da PHP

A ce wani Alhaji ya ba ka aikin shafin intanet na kasuwancinsa, yana da shago a kasuwar Dole da wani a Birni. Kayan kowane shago suna cikin jerinsu, abin da PHP, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, ke kira array:

$dole = ["gero", "dawa", "wake"];
$birni = ["sukari", "shinkafa"];

Mu fara da ƙari, shi ne mai sauƙi. Gyaɗa ta shigo? Rubuta $dole[] = "gyaɗa"; sai ta zauna a ƙarshen jerin. In kayan sun fi ɗaya, array_push($dole, "masara", "riɗi"). Ta ishe ka. Wanda kake so ya zo a gaba kuwa, array_unshift ce aikinta.

Sai haɗawa:

$duka = array_merge($dole, $birni);

PHP za ta jera kayan Dole, ta bi su da na Birni, ta sake musu lamba daga 0. Ba ta taɓa jeri biyun na asali, saboda haka in ba ka ajiye sakamakon cikin $duka ba, ka yi aikin banza.

Wurin da na taɓa cin tuwo da ƙasa shi ne alamar +. Na rubuta $dole + $birni, shafi ya buɗe lafiya lau, ba wani kuskure da ya bayyana. Bayan la'asar mai shago ya bugo waya: "Malam, ina sukarina ya shiga?" Ashe + lambar wuri take dubawa. Gero na zaune a 0, dawa a 1, don haka sukari da shinkafa masu waɗannan lambobi aka watsar da su shiru.

Idan mabuɗan (key, wato abin da ake gane wurin kowane kaya da shi a jeri) sunaye ne maimakon lamba, kamar jerin farashi, sai ka san wanda kake so ya ci:

$jiya = ["gero" => 500, "wake" => 800];
$yau = ["gero" => 600];

Da array_merge($jiya, $yau) na baya ke danne na gaba, gero ya koma 600. Da $jiya + $yau na hagu ke tsayawa, yana nan a 500. Amma in mabuɗanka lambobin kaya ne, irin su 101 da 205, kada ka kai su ga array_merge, za ta mayar da su 0 da 1. Nan array_replace ta fi dacewa.

Akwai kuma gajeriyar hanya tun PHP 7.4 da ta fito a 2019: [...$dole, ...$birni]. Mabuɗan sunaye sai a 8.1 ta 2021 suka fara aiki da ita, don haka duba phpversion() a inda shafin zai zauna, ba a kwamfutarka kaɗai ba.

Kafin ka miƙa wa Alhaji, saka print_r($duka); ka ƙirga kayan da idonka.